Darasin motsa jiki a kan takarda

Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandare a Agege, kuma har yau abin da muka yi wa yara a 2020 yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da aka rufe makarantun Legas a watan Maris saboda korona, gwamnatin jiha ta kai darussa rediyo da talabijin, mu kuma muka koma buga darasi kashi-kashi a takarda. Duk mako iyaye su zo su karɓi sabo, su dawo da na baya. Lissafi da Turanci sun ɗan rayu a haka. Namu darasin kuwa mutuwa ya yi.

Me muka rubuta? Tsawon filin ƙwallo, yawan 'yan wasa a ƙwallon raga, sunayen ƙasusuwa. Yaro ya zauna a tabarma ya cike gurbi, ya ci tara cikin goma, ko ɗigon gumi bai yi ba. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi daga shekara 5 zuwa 17 yaro na buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum.

Da na ƙara musu gudu a takardar, wata uwa ce ta farkar da ni. Ta tambaye ni ina 'yarta za ta yi gudun da na rubuta, su bakwai a ɗaki ɗaya a gidan haya, tsakar gidan ma duk igiyar shanya ce da risho. Na rasa amsa, don filin makaranta nake hange lokacin da nake rubutu.

Sai na sake takardun gaba ɗaya. Tsallen igiya a bakin ƙofa, langa da ƙanne, 'yar gala-gala da zanen gawayi, hawa da saukar bene ga mai bene. Ɗebo ruwa ma na sa shi a jerin motsa jiki, wanda ya taɓa ɗauko jarka daga famfon unguwa ya san dalili. Na koya musu ƙirga bugun jini a wuyan hannu na daƙiƙa 15 su ninka sau huɗu, kafin a fara da bayan an gama, su rubuta, babba ya sa hannu.

Abokan aiki sun so a ce yara su turo bidiyo ta WhatsApp. Na ƙi. Wayar tana wurin uba a kasuwar Mile 12 har dare, ga kuɗin data, kuma gidaje da yawa ba za su yarda a ɗauki 'ya budurwa tana tsalle ba, ni ma ban ga laifinsu ba. 'Yan matan nan su suka fi ba ni tausayi. Namiji zai sulale ya buga ƙwallo a layi, ita kuwa filin makaranta ne kaɗai wurin gudunta, aka rufe.

'Yar matar nan da ta farkar da ni ta dawo mini da takardarta cike da lambobi, a ƙasa ta ƙara wani layi da hannunta, na bugun jinin mahaifiyarta, wai tare suke tsallen igiyar bayan asuba.