Kwalbati ɗaya ke raba manomi da kasuwa

Wanda ya san ƙauyukan Soba, Kubau ko Lere na jihar Kaduna a watan Agusta ya san inda hanyar burji ke mutuwa. A bakin rafi take mutuwa, inda ruwa ya ci gefen kwalbati har ya bar rami. A-kori-kura ta iso nan sai ta juya. Daga nan sai 'yan acaɓa, buhu ɗaya a baya, wani a kan tanki, kowane sawu da kuɗinsa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin nan ya ƙara nauyi, kuma daga aljihun manomi yake fita, domin dillali sai ya cire wahalar hanya kafin ya yi tayi. Mai masara zai iya jira rani. Mai tumatir fa? Kwana biyu a kwando, ya zama ruwa. Mai naƙuda kuwa ba ta da wannan zaɓin ko kaɗan.

Ba a ce ba a yi aiki ba. Tun 2008 Bankin Duniya ya zaɓi Kaduna don shirin RAMP na hanyoyin karkara, an kuma gina hanyoyi da gadoji. Abin da muka kasa shi ne kulawa. Hanyar burji tana buƙatar a bi ta da gireda a gyara mata doro yadda ruwa zai gangara gefe, a yashe magudanai kafin ruwan farko, a zuba jar ƙasa inda ta zaizaye. Aiki ne mai araha, amma babu yanka kintinkiri a cikinsa, shi ya sa ba mai rububinsa.

Tsarin mulki ya ɗora irin waɗannan hanyoyi a wuyan ƙananan hukumomi, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. To, ya kamata kowace daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar nan ta ware kuɗin gyaran hanya duk shekara, ta liƙa jerin hanyoyin a sakatariya kowa ya gani. Mutanen ƙauye sun daɗe suna aikin gayya da shebur da buhunan yashi, sai dai gayya ba ta zuba kankare. Gwamna Uba Sani ya sha cewa karkara ce a gabansa. Ya kamata ya sa a ƙirga kwalbatocin da suka karye, a fara da su kafin damina mai zuwa.