Idan ido ya yi rawaya bayan ruwan damina, a lura da fitsari da numfashi

'Yan'uwana matasan Mai Wurno da Gadarif da ƙauyukan Jazira a Sudan, ku da kuke wuni cikin magudanan ban-ruwa ko a bakin kogi wajen kamun kifi, ina jan hankalinku a kan cutar da likitoci ke kira leftosfirosis, wato zazzaɓin fitsarin ɓera. Ƙwayarta tana zama a ƙodar ɓera da kare da shanu, tana fita cikin fitsarinsu ta gauraye da taɓo da kwantaccen ruwa, sannan ta shige mutum ta faso ko ɗan yanka, ko ta ido da baki. Kusan tara cikin goma na waɗanda ta kama suna warkewa bayan zazzaɓi da ciwon kai da ciwon sha-raɓa da jan ido marar kwantsa, amma wani ƙiyasi na shekarar 2015 ya nuna tana kashe kusan mutum 59,000 duk shekara a duniya.

Inda muke yin kuskure shi ne, da zarar idon mutum ya yi rawaya sai gida ya yanke hukunci cewa shawara ce, a bazama neman saiwa da sassaƙe, a yi kwana huɗu ana ɗirka masa jiƙo ana duba ko launin ya ragu. Tun 1886 likitan Jamus Adolf Weil ya bayyana cewa wannan rawayar tana tafe da lalacewar ƙoda, kuma a wannan cuta hanta takan farfaɗo. Abin da ya fi kai mutum kushewa shi ne ƙoda da huhu. Idan majinyaci ya wuni bai yi fitsari ba, ko yana yin ɗan kaɗan, to guba da gishirin fotashiyam suna taruwa a jininsa, kuma yawan fotashiyam na iya hargitsa bugun zuciya har ta tsaya. Wankin ƙoda da aka fara da wuri yana ceton irin wannan majinyaci, shi ya sa nake ganin tambayar "sau nawa ya yi fitsari yau?" ta fi duban ido amfani nesa ba kusa ba.

Mafi muni shi ne tari da jini ko numfashi sama-sama, domin alama ce ta jini yana zuba cikin huhu, kuma fiye da rabin waɗanda suka kai wannan mataki ba sa tashi. Haka nan faɗuwar bugun jini da sambatu ko gushewar hankali, waɗanda bai kamata a tsaya ana danganta su da iska ba. Haɗarin yana ƙaruwa ga wanda ya haura shekara 40, saboda haka idan Baba ko Kawu ne ya kwanta bayan aikin gona, kada ku biye wa dauriyarsa.

Ku daina sayen diclofenac da ibuprofen don ciwon jikin da ya zo da zazzaɓi, domin suna ƙara wa ƙoda nauyi, suna kuma ƙara zubar jini. Idan an sha maganin maleriya kwana biyu ba sauƙi, a koma asibiti, a faɗa wa likita ƙarara cewa an shiga ruwa da ranar da aka shiga, tunda cutar takan bayyana ne bayan kwana 5 zuwa 14, wani lokaci har wata guda. Wannan bayanin ne zai sa ya yi tunanin maganin doxycycline, ko allurar penicillin ko ceftriaxone idan abin ya yi tsanani, ba tare da ya jira sakamakon gwaji ba.