Irin masara mai aure da manoman Maraɗi

Na karanta labarinku kan sababbin irin masara mai aure, amma akwai abin da ya kamata a fayyace wa manoma. Ana samar da irin ne ta hanyar shuka tsatso biyu layi-layi, a cire bununin layin uwa tun bai zubar da garinsa ba, domin garin layin uba kaɗai ya sauka a kan gemun goyonta. Ƙarfin wannan haɗi a shukar farko yake. Wanda ya ɗebi iri daga rumbunsa ya sake shukawa zai tarar da gona ba daidai ba, wani kara dogo wani gajere, amfani kuma ya ragu. Ke nan sayen iri kowace shekara ya zama dole, ga kuɗin takin zamani, wanda masara ba ta yafewa.

A jihar Maraɗi hatsi ne ke riƙe da gidaje, masara kuwa sai a fadamun Gulbi da gonakin ban-ruwa na Jiratawa. Saboda haka, a ganina, ya dace masu binciken INRAN, wato cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar Nijar, da ke Tarna kusa da Maraɗi, su fifita iri mai saurin nuna, mai jure fari da ƙuduji, su kuma gwada shi a gonakin manoma kafin 'yan kasuwa su fara tallarsa.