Ranar da filashina ya tona min asiri

Kun dai san a gidanmu ni ne "injiniya", tun ranar da na gyara wa Yaya firinta. Fulogi ne ba a jona ba, amma ban faɗa wa kowa ba. To jiya kwamfutarsa ta tebur ta ƙi tashi. Baƙin allo da layi ɗaya na rubutu: "No bootable device". Aka aiko a kira ni.

Na naɗe hannun riga, na kashe na kunna, ina dukan maɓallin F2 kamar makaɗi har BIOS, wato shafin saitin da kwamfuta ke bi wajen tashi, ya buɗe. Sai bayani da ƙarfi don kowa ya ji: kwamfuta ta nemi inda Windows yake ba ta gani ba, ko dai diski ya mutu, ko wayarsa ta saki, ko ɗan batirin nan mai kamar maɓalli, CR2032, ya ƙare saiti ya rikice. Duk gaskiya ne fa. Abin da ban duba ba shi ne jerin da ke gaban idona, mai nuna na'urar da za ta fara nema. Na sauke murya na ce, "Yaya, sai haƙuri, diski ya tafi." Ya dafe kai, aikinsa na shekara uku yana ciki.

Kawu kuwa yana gefe yana ta cewa, "Ku bar ta ta huta, zafi ta ɗauka." Kawun da ya ari cajata tun bara, kullum na tambaya sai ya ce ai wadda ke hannunsa baƙa ce, tawa fara. Tawa baƙa ce. Ni na saya, ni na naɗa mata salatif a wuya, kuma salatif ɗin yana nan ina ganinsa. Shi ne yau yake koya min kwamfuta.

Na kwance murfin gefe, sukuru ɗaya ya gangara ƙarƙashin tebur. Ina rarrafe, kai a ƙasa, ƙura a hanci, sai na ji muryar Auta: "Yaya ƙarami, wannan abin da ke maƙale a baya ba naka ba ne?" Kafin in ɗago ta zare, ta danna makunni. Na ɗago da sauri, ƙeyata ta daki tebur, gum! A durƙushe na kalli tambarin Windows yana fitowa. Filashina ne, tun shekaranjiya da na kwafi hotuna. USB, wato inda ake soka filashi, shi ne a saman jerin, ita kuma kwamfutar da ta tarar da shi ba komai na tashi a ciki, sai ta tsaya cak.

Ɗakin ya yi tsit. Yaya bai ce uffan ba, kallona kawai yake yi, wanda ya fi zagi ciwo. Auta ta miƙo min filashin da hannu biyu, wai ladabi.

Kawu ya ce, "Ban ce muku hutu take so ba?"

Sukurun dai har yanzu ba a gan shi ba.