Dokar da ke tsufar da manhajar sata a Shadowrun ba ta kwanta min ba

Jama'a, yau maganar wasa na kawo, amma wasan da na ɗauka da muhimmanci. Ga wanda bai san shi ba, Shadowrun wasan labari ne da ake yi a zaune kewaye da tebur. Mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi, in an zo inda ake shakka a jefa ƙwayoyin ludo su raba gardama. Kamfanin FASA na Amurka ne ya fara fitar da shi a 1989. Duniyarsa ta nan gaba ce, inda manyan kamfanoni irin su Renraku da Ares suka fi gwamnatoci ƙarfi, 'yan wasa kuma 'yan ta-kife ne da ake haya su yi aikin dare, galibi a birnin Seattle. Kusan kowace tawaga tana da ɗan kutse, mai buɗe ƙofofi da makantar da kyamarori. Makaminsa manhaja ce.

To a nan gizo ke saƙar. Bindiga in ka ba abokinka ka rabu da ita ke nan. Manhaja kuwa in ka ba shi, yana da ita, kana da ita, kuma babu abin da ya ragu. A bugu na huɗu da ya fito a 2005, manhajar kutse mai daraja 6, wato ma'aunin ƙarfinta, tana cin nuyen 6,000, kuɗin duniyar wasan, kuma ɗan kutse na kirki yana bukatar irinsu da dama. In har mutum ɗaya zai saya ya raba wa kowa, lissafin kuɗin wasan ya rushe. Mai bindiga yana tara kuɗi da gumi, ɗan kutse yana samun komai a ɓagas. Na fahimci damuwar masu tsara wasan sarai, kuma ban raina ta ba.

Maganin da suka kawo a littafin ƙari mai suna Unwired, na 2008, kashi biyu ne. Kashin farko ya burge ni matuƙa. Manhajar da ka saya ta halal tana da rajista, kamfani yana sabunta maka ita kullum, amma tana barin sawu a duk inda ka shiga da ita, don haka masu tsaro sun fi saurin gano ka. Ka ga an ba ɗan wasa zaɓi mai nauyi: kaya mai kyau da igiyar kamfani a wuya, ko kayan bayan fage da 'yancin kai. Wannan shi ne ruhin irin wannan wasan.

Kashi na biyu ne ya ɓata min rai. Manhajar sata ana samunta a kashi goma cikin ɗari na farashi, ta 6,000 ta dawo 600, amma darajarta tana raguwa da kanta. Ta kutse tana sauka da maki ɗaya kowane wata, sauran kuma duk bayan wata biyu, sai ka biya an yi mata faci ko ka zauna ka rubuta da hannunka. Hujjarsu ita ce duniya tana gaba, ana toshe ɓarakar tsaro, tsohuwar dabara tana daina aiki. Ga manhajar fasa ƙofar tsaro, na yarda, haka abin yake a zahiri. Amma manhajar gyara fayil fa? Me ya cinye ta a wata biyu? Babu. An dai rasa yadda za a mai da abin da ba ya ƙarewa ya zama mai ƙarewa, sai aka ƙirƙiro masa tsatsa.

Ku duba yadda abin ke kasancewa a tebur. Mai jan labari ya ce, “Wata ɗaya ya wuce tun aikinku na ƙarshe.” Mai bindiga ya ce ya sayi harsashi, magana ta ƙare. Ɗan kutse kuwa ya jawo takarda mai layi goma sha wani abu, fensir a hannu, yana goge 5 yana rubuta 4, yana lissafin kuɗin facin kowace ɗaya, sauran mutane sun zuba masa ido, shayi yana hucewa. Mutumin da ya zo don ya zama ɗan tawayen da ke girgiza kamfanoni an mai da shi akanta. Wannan ba wahalar da ke ƙara wa wasa daɗi ba ce, gajiyarwa ce kawai.

Cyberpunk 2020 na Mike Pondsmith, wani wasan tebur irin wannan da ya fito a 1990, ya fi sanin inda ya dosa. A can kusan duk manhajar da ke hannunka kana iya ajiye kwafinta a ɗan guntun ma'aji, kuma littafin ma yana ganin wauta ce ka ƙi yin haka. Katangar da aka gina an gina ta ne a kan baƙaƙen manhajoji masu kai farmaki ga ƙwaƙwalwar mutum, suna cikin waɗanda aka sa wa kariya mai wuyar fasawa. An taƙaita abin da ya kamata a taƙaita, an bar saura.

Su kansu masu Shadowrun daga baya sun sauya hanya. A bugu na biyar, na 2013, manhaja ta zama mai araha, ta kutse nuyen 250 kacal, tsadar ta koma kan na'urar kutsen kanta, wadda mai kyau ke kai dubban ɗaruruwa. Ƙarfe ba a kwafarsa. Da nan aka fara da an huta.

Abin da nake so in ga ana yi shi ne a bar kwafi ya zama kyauta, a sa farashin a cikin labari. Mu da muka saba kai katin waya wurin masu tura-tura a kasuwa ba sai an yi mana dogon bayani ba: abin da aka tura maka ba ya tsufa, amma ba ka san me ya biyo shi ba. Haka ya kamata ɗan kutse ya ji. Wa ya fasa wannan manhajar? Me ya dasa a ciki? In tawaga gaba ɗaya tana amfani da kwafi ɗaya, to ranar da jami'an Renraku suka gano tambarinsa a hannun mutum ɗaya, sun gano kowa. In mai fasawar ya shiga hannu ya fara ambaton sunaye, ga aikin dare guda ya samu ba tare da mai jan labari ya wahala ba.

Kuma tarihin irin waɗannan wasanni ma ya nuna haka. Ranar 1 ga Maris, 1990, jami'an Secret Service na Amurka suka dira ofishin kamfanin wasanni na Steve Jackson Games a Austin, jihar Texas, suka kwashe kwamfutoci, har da rubutun littafin GURPS Cyberpunk da ba a kai ga bugawa ba. Tushen binciken kwafin wata takarda ce ta kamfanin waya na BellSouth game da layin gaggawa na 911, wadda ta yi ta yawo a hannun 'yan kutse. Takardar ba ta lalace don an kwafe ta ba. Mutane ne suka zo da sammaci, Steve Jackson Games ya kusa durƙushewa, har ya sallami ma'aikata, sai a 1993 kotu ta ba shi gaskiya.

Don haka ni a teburina na ɗauki dokar rajista, na bar tsufan manhaja ga masu fasa ƙofar tsaro kaɗai, sauran layukan na soke su. Masu jan labari da ke nan, in akwai wanda ya bi dokar Unwired yadda take har wasa ya yi nisa kuma 'yan wasansa ba su gaji ba, don Allah ya faɗa min yadda ya yi.