Palma ta cinye Turai sau uku, su kuwa har yanzu Real Madrid suke jira

A watan Mayun 2025, a birnin Le Mans na Faransa, ƙungiyar Palma Futsal ta Sifaniya ta lallasa Kairat Almaty ta Kazakhstan da ci 9-4, ta ɗaga kofin zakarun Turai na futsal, wato ƙwallon ƙafar cikin ɗaki ta 'yan biyar-biyar, karo na uku a jere. Tun da aka fara gasar babu ƙungiyar da ta taɓa jera uku. A 2023 Sporting ta Fotugal ta doke da ci 1-0 a gaban mutanenta, a 2024 kuma ta bi Barcelona har Yerevan ta zura mata 5-1. Amma gumin 'yan wasan bai bushe ba sai ga tsohuwar waƙar nan ta sake tashi a bakin masu sharhi da shafukan sada zumunta: wai babbar gasar futsal ta Sifaniya ba za ta taɓa zama wani abu ba sai ranar da Real Madrid ta kafa ƙungiyarta, aka samu El Clasico na 'yan biyar-biyar.

Wannan magana ta ishe ni. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba maƙiyan wasan ke yin ta ba, masu cewa suna ƙaunarsa ne.

Hujjarsu ba ɓoyayya ba ce. Sun ce Madrid na da magoya baya a kowace nahiya, daga Jakarta har gidajen kallon Kano da Maraɗi, don haka da zarar farar riga ta shiga fili gidajen talabijin za su yi rububin sayen wasanni, kamfanoni su zubo kuɗi. Ban musa cewa karawar farko tsakanin Madrid da Barcelona za ta cika ɗakin wasa maƙil ba. Ta biyu ma haka. To sauran ƙungiyoyin fa, da sauran makonnin kaka? Gasa ce ta ƙungiyoyi 16, ana bugawa gida da waje, sannan takwas na sama su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale don fitar da zakara. Wasa biyu ko huɗu a shekara ba su riƙe irin wannan gini.

A duba tarihin gasar tun kafuwarta a 1989, a ga su wa suka ɗauke ta a kafaɗa. Inter Movistar, wadda ɗan jarida José María García na cikin waɗanda suka assasa ta a 1977, ita ce ta fi kowa kofin lig, guda 14, ga kofin Turai biyar. Ba a tsakiyar Madrid take wasa ba, a Torrejón de Ardoz take, wani gari a gefen babban birnin. A Inter ne Ricardinho na Fotugal ya yi shekarunsa mafi kyau, aka jera kofin lig biyar daga 2014 zuwa 2018. ElPozo Murcia sunan kamfanin sarrafa nama na yankin take ɗauke da shi. Playas de Castellón ce ta ci kofin Turai biyu na farko, a 2002 da 2003, lokacin da futsal ɗin Barcelona ko a lissafi ba ya ciki. Barcelona ba ta ɗanɗani kofin lig ba sai 2011, bayan wasu sun shafe shekara 20 suna gina kasuwar da ta zo ta tarar.

Labarin da na fi so shi ne na Cartagena. Garin bakin teku ne, tazararsa da Murcia bai wuce tafiyar kilomita 50 ba, kuma shekara da shekaru yana zaune a inuwar maƙwabciyarsa. Sunan da ƙungiyar ke amsawa, Jimbee, sunan wani ɗan itace ne dangin kankana da wani kamfanin noma na yankin ke sayarwa. Kocinta Duda, haifaffen Brazil, ya fi shekara 15 yana horar da ElPozo, ya tara mata kofuna, sannan aka rabu. A 2024 ya dawo da ƙungiyar masu kankana ya doke tsohuwar uwargijiyarsa a wasan ƙarshe, Cartagena ta ci lig karon farko a tarihinta. A 2025 ta maimaita, wannan karon a kan Barcelona. Wane marubucin wasan kwaikwayo ne zai tsara abin da ya fi wannan? Gaba ce ta gaske, ta maƙwabta, mai tushe, ba wadda aka aro daga wani wasa aka liƙa ba.

Haka abin yake ko'ina ka duba. Jaén, garin manoman zaitun, ƙungiyarsa ta 'yan sha ɗaya ta daɗe tana fama a ƙananan rukunoni, amma ta futsal ta ci Copa de España a 2015 da 2018 da 2023, kuma idan za ta yi wasa a Olivo Arena garin kan koma ruwan ɗorawa. Valdepeñas, mai mutum kusan 30,000, ta kai wasan ƙarshe na lig a 2020. A 2022 UMA Antequera, ƙungiyar jami'a da ke rukuni na biyu, ta ɗauke Copa del Rey a gaban manya. A irin waɗannan garuruwa futsal ba abin cike gurbi ba ne. Shi ne wasan gari. Mai shago ya san mai tsaron raga, yaro kuma ya san idan ya dage zai iya sa rigar da yake gani ranar Asabar.

Dalilin da ya sa ƙaramin gari ke iya kayar da babba yana cikin wasan kansa, kuma masu jiran Madrid ba su cika tsayawa su kalle shi ba. Fili ne na mita 40 da mita 20. Minti 20 ne kowane zagaye, amma agogo na tsayawa duk lokacin da ƙwallo ta fita, don haka ba a cinye lokaci da birgima a ƙasa. Daƙiƙa huɗu kawai gare ka ka dawo da ƙwallo cikin wasa. Canji ba iyaka, ɗan wasa ya fita ya sha ruwa ya dawo. Ƙungiya ta yi keta biyar a zagaye guda, daga ta shida abokan karawa za su samu bugu daga mita 10 ba katangar mutane, wato mai tsaron baya yana buga sauran mintunan ne hannunsa a ɗaure. Idan kuma ana cin ka saura minti uku, sai koci ya cire mai tsaron raga ya sa ɗan wasan fili ya sanya rigarsa, a kai hari da mutum biyar, a bar raga wayam. Ko ka farke, ko a ɗauko ƙwallo daga can ƙarshen fili a jefa maka a ragar da ba kowa. A irin wannan wasa, mutum 12 ko 14 da suka san juna da koci mai kai sun fi tulin taurari amfani. Abin da koci Antonio Vadillo ya yi a Palma ke nan: ya haɗa 'yan gida da 'yan Brazil, har da 'yan Iran biyu, Hossein Tayebi da Moslem Oladghobad, a tawagar da ta ci kofin farko, kuma duk shekarar da aka kwashe masa 'yan wasa sai ya sake gini. Kuma a lura, har zuwa kofinta na uku a Turai, Palma ba ta taɓa cin lig ɗin gida ba. Gasar da zakarar nahiya ke kasa ci, ita ake ce wa tana buƙatar mai ceto?

Yanzu a zo ga abin da manyan ƙungiyoyin ƙwallo suka yi da suka shigo, tunda ai an gwada. Levante ta kai wasan ƙarshe na lig a 2021, zuwa 2023 ta faɗa rukuni na biyu. Real Betis ta ci Copa del Rey a 2024, a kakar nan kuma ta faɗi. A gidan babbar ƙungiya futsal ɗan bora ne: ranar yalwa a tuna da shi a ɗinka masa riga, ranar da abinci ya yi ƙaranci kwanonsa ake fara ragewa. Ko Barcelona, wadda dole a yaba mata don ta riƙe sashen da gaske har ta ci kofin Turai huɗu, da matsalar kuɗi ta shaƙe ta bayan tafiyar Messi a 2021, sassan sauran wasanni ne suka ji tsukewar aljihu. Ɗan wasan futsal bai sayi ɗan gaba mai tsada ya kasa ci ba, amma shi ma sai ya biya bashin.

Ita Madrid ɗin ma, ta yaya ake zaton za ta shigo? Mun ga yadda ta shiga ƙwallon mata: ta haɗiye CD Tacón, a 2020 sunan ya ɓace. An daɗe ana jita-jitar cewa idan za ta taɓa futsal, Inter ce za ta zama ƙofa. Wato don a samu farar riga sai a binne sunan da ya fi kowane suna daraja a wasan. Wannan ba ƙari ba ne, musaya ce, kuma musayar asara.

Abin da ya raunana gasar nan ba rashin Madrid ba ne. Mutanen ofis ne. Shekara 30 ƙungiyoyin da kansu ke tafiyar da ita a ƙarƙashin haɗakarsu mai suna LNFS, kuma a wannan zamanin ne Sifaniya ta ci kofin duniya a 2000 da 2004 a hannun Javier Lozano, wanda daga baya ya zama shugaban LNFS ɗin. A watan Oktoban 2019 hukumar ƙwallon ƙasar, RFEF, ƙarƙashin Luis Rubiales, ta karɓe ragamar gasar ana tsaka da kaka. Kowa ya san a lokacin Rubiales da Javier Tebas na La Liga ba sa ga-maciji, kuma LNFS tana da yarjejeniyar nuna wasanni da ɓangaren La Liga. Sai futsal ya zama filin da manya ke gwada ƙwanji. Ƙungiyoyi suka rabu gida biyu, waɗannan wasanninsu a wannan kafa, waɗancan a waccan, har aka dangana da kotu. Mai kallo da ke son bin gasa guda ya rasa inda zai kama. Kamfanin da ke tunanin zuba kuɗi kuwa, wa zai tunkara, kuma wa zai ba shi tabbacin rigarsa za ta fito a allo? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi ya sa da Gerard Piqué ya fito da Kings League, gasarsa ta 'yan bakwai-bakwai da ake nunawa a intanet, ya samu matasa a sake. Masu cewa a kwaikwayi wannan wasan 'yan intanet don a farfaɗo da futsal kuma, Allah ya ba su lafiya.

Ga kuma batun matsayi a doka, wanda a ganina ya fi komai. A Sifaniya, majalisar wasanni ta gwamnati, CSD, ita ke ayyana gasa a matsayin ta ƙwararru, kuma da zarar an yi haka ƙungiyoyi ne ke da ikon shirya gasarsu da sayar da ita. Ta ba gasar ƙwallon mata wannan matsayi a 2021, ta ba ta ƙwallon hannu bayan nan, futsal kuwa aka bar shi tsaye a bakin ƙofa, alhali 'yan wasansa ba su da wata sana'a sai ita, ana sayo su daga Brazil da Ajantina da kwantiragi, kuma ƙungiyoyinsa sun fi na kowace ƙasa tara kofin Turai. Rubiales ya yi murabus a 2023 cikin abin kunyar da duniya ta gani, amma ɓarnar da aka yi wa futsal ba ta bi shi ta tafi ba. Wannan ita ce maganar da ta kamata ta cika bakin masu sharhi. Sai dai ba ta da daɗin ji kamar sunan Florentino Pérez na Real Madrid.

Akwai kuma masu kare futsal da cewa ai da shi Messi da Neymar da Cristiano Ronaldo suka fara. Yabo ne mai kama da zagi, don ya mayar da sana'ar manya makarantar renon yara.

Abin ya shafe mu ta wata fuska, ko da a taƙaice. Najeriya ce ta wakilci Afirka a gasar futsal ta duniya a Hong Kong a 1992. Yau Moroko ce ke riƙe da nahiyar, ta ci kofin Afirka a 2016 da 2020 da 2024 da koci guda, Hicham Dguig, ta kuma kai zagayen 'yan takwas a kofin duniya sau biyu a jere. Ba da sunan manyan ƙungiyoyin ƙwallonta, Wydad ko Raja, duniya ta san futsal ɗinta ba. An bar mutum ɗaya ya yi aiki shekaru, an ba shi kayan aiki. Duk wanda ke mafarkin gasar futsal a nan, yana jiran sai Kano Pillars ko Enyimba sun sa suna kafin a fara, cutar 'yan jiran Madrid ce ke damunsa.

Maganin a Sifaniya ba wani mai nisa ba ne. A mayar wa ƙungiyoyi gasarsu, a ba ta matsayin da ta daɗe da cancanta, a sayar da wasanninta a dunƙule ta kafa ɗaya da mutum zai buɗe a Jaén ko a Zariya ya samu. A raba kuɗin ta yadda Valdepeñas ba za ta dogara da alherin kamfani guda ba. Bayan an yi wannan, idan Madrid na da sha'awa, ƙofa a buɗe take: ta yi rajista, ta fara daga ƙananan rukunoni kamar kowa, ta hau mota ta je Cartagena ta gwada sa'arta.