Ranar da Baffa ya riƙe mini agogo

Tun da ɗan yayata ya dawo hutu daga makarantar kwana da wani abin wasa mai fuska 12 da ake kira Megaminx, majalisarmu ta Yelwa ba ta sake zama lafiya ba. Ni na daɗe ina warware akwatin Rubik mai fuska shida, abin wasan da ake jujjuya ƙwayoyinsa har kowace fuska ta zama launi ɗaya, wanda wani ɗan ƙasar Hungary ya ƙirƙira a 1974, kuma duk mai zama da mu ya san ba a ja da ni a kansa. Saboda haka da yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, wannan fa ba irin naku ba ne," sai na yi odar nawa daga Legas, na haddace abin da za a haddace, na ce a sa rana. Sharaɗin shi ne wanda aka kayar zai ciyar da majalisa masa da miyar taushe, kuma mahaifiyarsa ta tsaya masa.

Abin ba wani sihiri ba ne. Kowace fuska kusurwa biyar gare ta, ƙwayoyin da ke motsi kuma 50 ne, wato na kusurwa 20 da na gefe 30, alhali akwatin da na saba da shi 20 kacal gare shi. Ana farawa da haɗa tauraro a farar fuska, a bi sauran fuskokin ɗaya bayan ɗaya, a ƙare da mai ruwan toka. Abin da ke wahalar da mai shekaru irina shi ne launuka, domin kore iri biyu ne, shuɗi iri biyu, ga kuma ruwan ɗorawa da ruwan madara da suke rikita ido idan rana ta yi sanyi. Gwanayen duniya suna gama shi cikin ƙasa da daƙiƙa 30. Ni burina bai wuce in riga yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ba.

Baffa kuwa, wani dattijo da muke zama da shi, ba wanda ya gayyace shi. Tun da ya yi ritaya daga koyar da wasannin motsa jiki yake yawo da tsohon agogon nan na auna gudu a aljihun 'yar-shara, yana neman abin da zai auna. Da ya ji ana maganar gasa sai ya sa yaron ya karanta masa dokokin hukumar WCA, wadda ke kula da irin wannan gasa a duniya tun 2004, ya saurara da idonsa a rufe, sannan ya naɗa kansa alƙali. Ya ƙi yarda a yi amfani da agogon waya. Ya riƙe cewa daƙiƙa 15 ake ba mutum ya duba kafin ya fara, kuma alƙali yana sanar da ta takwas da ta goma sha biyu. Sai dai dokar da ta fi yi masa daɗi, har ya sa aka maimaita masa, ita ce wadda ta ce idan abin ya tarwatse a hannun ɗan gasa ba a tsayar da agogo, kuma ba mai taimaka masa ya gyara. Tun kafin a fara ya sa aka kawo masa kwanonsa na masa, a kan cewa ko wa aka kayar dai za a biya.

Na fara da kyau, wannan ko maƙiyina zai shaida. Na gama farin tauraro, na wuce fuskoki uku, hannuna yana tafiya yadda nake so, musamman da yake na ɗan sassauta sukurorin da ke ƙarƙashin murafen tsakiya domin ya riƙa juyawa da sauƙi, bisa shawarar yaron da kansa, wanda yanzu nake da tambayoyi a kan niyyarsa. Ina cikin juya fuskar ruwan hoda kafin ta kusa da ita ta gama zama daidai, sai na ji ƙas, ƙwayoyi suka watse kamar an zuba wa kaji tsaba. Biyu sun faɗa kan tabarma na tsince su nan take. Ta ukun, wata ƙwayar gefe, ta yi sama, kowa ya bi ta da ido, ta sauka tsakiyar miyar Baffa ta nutse.

Na miƙa hannu. Baffa ya janye kwanon ya ce, "Kai, ɗana, a ina aka koya maka sa wa babba hannu a kwano?" Na ce, "Baffa, to a taimaka a ciro mini, lokaci yana tafiya." Ya duba agogo ya ce lallai yana tafiya, minti uku ke nan, amma doka ta hana alƙali taimakon ɗan gasa, kuma shi a shekarun da ya yi yana aiki ba a taɓa kama shi da son kai ba. Na tambaye shi mafita. Ya ce zai ci gaba da cin abincinsa, idan miya ta ja baya ƙwayar ta bayyana da kanta, to wannan ba taimako ba ne.

Haka na durƙusa a gabansa da abin wasa mai giɓi a hannu, ni da nake da 'ya'ya uku da ma'aikata a ƙarƙashina, ina kallon dattijo yana gutsurar masa a natse, yana dangwalawa daga gefen kwano nesa da inda ƙwayar ta faɗa, yana taunawa, yana ɗaga agogo yana shelar lokaci da muryar da yake tara ɗalibai a fili. Yaron ya riga ya gama nasa tun a minti biyu da 'yan kai, ya ajiye, ya harɗe hannu. Masu ɗinkin shagon da ke kusa suka tsayar da kekunansu suka fito. Wani ɗan acaɓa ya kashe mashin ya tambayi ko rasuwa aka yi. Mai masar ma ta leƙo, Baffa ya ce ta ɗan ƙara masa miya, kuma ta ƙara.

Da ƙwayar ta fito, sai ya ɗauke ta da yatsa biyu, ya tsotse ta tas, ya ajiye a kan benci ya ce shi ajiyewa kawai ya yi. Na danna ta a gurbinta, na ci gaba da hannu mai maiƙo har na iso fuskar ƙarshe. A nan tauraron ya fito da ƙafa huɗu, ta biyar ta ƙi. Na yi jerin juyin da na haddace, ƙafafun suka koma biyu. Na sake, suka dawo huɗu. Wanda ya san abin ya san cewa ƙwayoyin gefe bibbiyu suke kifewa, don haka idan guda ɗaya tak ta kife, ko shekara za a yi ana juyi ba za ta gyaru ba sai an ciro ta. Yaron ya ga haka tun farko, amma sai da Baffa ya sanar da minti 11 sannan ya ce a hankali, "Kawu, a kife kuka sa ta." Ni dai yadda Baffa ya ajiye ta a benci haka na ɗauka na sa, kuma har gobe a kan wannan nake.

Na nemi a bi doka sosai, domin a gasar gaskiya sau biyar ake yi, a zubar da mafi kyau da mafi muni, a ɗauki matsakaicin ukun da suka rage. Baffa ya ce wannan dokar ba a karanta masa ba, kuma magariba ta gabato. Ya rubuta lokacina a bayan wata takardar magani, ya sa hannu, ya ba yaron ya kai wa uwarsa.

Da na zo biyan kuɗi sai na tarar an ƙara kwano ɗaya a lissafi. Mai masar ta ce Baffa ne ya karɓi wani a leda, wai na farkon roba ta faɗa ciki.